Fuskar da Aka Rataya a Jikin Wando

Wayyo maraici! Wanda bai ɗanɗana shi ba labarinsa kawai yake ji. Gari bai gama wayewa ba Shiru-shiru tana durƙushe a bakin ɗakin girki, inda take shimfiɗa tabarmarta tun rasuwar mahaifiyarta, tana goge rigar 'yar kawunta. Cikinta babu komai sai ruwan da ta kurɓa, bayanta kuma yana yi mata zugi saboda wunin jiya a kan keken ɗinki. Matan kamfanin da take aiki ne suka laƙaba mata sunan Shiru-shiru, don sai ta wuni tana ɗinki ba a ji bakinta ba, har sunan ya biyo ta gida ya danne na yanka.

"Ke! Guga kike yi ko gyangyaɗi?" Matar kawunta ce ta leƙo tana ɗaura ɗankwali. "Yau ranar 'yata ce. Wallahi kika ƙona rigar nan sai kin yaba wa aya zaƙinta."

"Na kusa gamawa, Mama."

"Mamarki tana kabari! Kar ki ƙara kira na da wannan bakin naki na munafurci."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan rigar, ta yi maza ta bi shi da dutsen guga kar a gani. Kawun nata direban babbar mota ne, sai ya yi kwana da kwanaki a hanya, in ma ya dawo ba shi da ta cewa a gaban matarsa. Albashin Shiru-shiru shi ke ɗora tukunya a gidan, ranar da aka biya ranar ake karɓe shi a hannunta. Ita kuwa mai rigar, wadda kowa ke kira 'Yar Gayu, kamfani ɗaya suke aiki, amma nata albashin bai taɓa sanin hanyar gida ba. Daga bakin ƙofar kamfani yake wucewa kantin takalma da jakunkuna da gashin kanti da mayukan sa fari. Ɗakinta kamar shago, aljihunta kamar an share. In ta ga wata da sabuwar waya, ranar ko abinci ba ya shiga bakinta don baƙin ciki.

Wandunan jins ake ɗinkawa a kamfanin, a loda su a jirgin ruwa zuwa ƙasashen masu hannu da shuni. To, matar da ke sayen kayan a can, wadda ma'aikata ba su san ta da wani suna ba sai Madam, ta aiko da saƙo cewa tana son hoton ma'aikaciya guda tana murmushi. Za a buga shi a ɗan kati a rataya a jikin kowane wando, wai don mai saye ya ga wadda ta ɗinka masa hankalinsa ya kwanta. Tun da 'Yar Gayu ta ji zancen ta yanke wa kanta hukunci cewa fuskarta ce, ba ta kowa ba.

Ranar ɗaukar hoton kuwa ka ce ba kamfanin da ka sani ba ne! Tagogin da suka shekara a rufe aka buɗe su, fankokin da suka mutu suka tashi, aka raba wa kowa sabon takunkumi da gargaɗin a dawo da shi in baƙi sun tafi. 'Yar Gayu ta tsaya a gaba-gaba, fuska ta sha hoda, sai fari take da ido tana gyara tsayuwa. Mai hoto ya zo ya wuce ta ko kallo na biyu bai yi mata ba. Can ƙarshen layin masu ɗinki, wata dattijuwa da ake kira Uwar Layi, ƙawar marigayiya mahaifiyar Shiru-shiru, ta raɗa wa yarinyar cewa, "Dubi fankar can, ashe ita ma tsoron baƙi take ji." Dariya ta ƙwace wa Shiru-shiru, ta ɗago kai da tsohon ɗankwalinta da zare a kafaɗa... sai ƙyas! Mai hoto ya ɗauka, ya ce shi ya gama aikinsa.

Hassada, in ji masu magana, ga mai rabo taki ce, amma kafin rabon ya zo mai shi yakan sha wuya. Da yamma suna shiga gida 'Yar Gayu ta wanke ta da mari. "Munafuka! Kin san abin da na kashe a kan ranar nan? Kika zauna kamar ta Allah kika washe masa haƙora!"

"Wallahi Yaya ban san yana kallo na ba..."

"Rufe min baki! Me kika fi ni? Ke da ko man shafawa ba ki da shi!"

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne aikin 'Yar Gayu a kamfanin. A sashen ninke kaya take, ita ke rataya kati a jikin wando kafin a sa a leda. Da katunan suka iso kwali-kwali, gabanta aka jibge su. Daga safe har yamma fuskar da ta fi tsana a duniya ita take ɗauka, ta zura mata zare, ta ɗaura, ta ɗauki wata, fuskar kuma tana yi mata murmushi. Wani lokaci sai ta soka allura a idon hoton kafin ta rataya. Kamar hakan bai isa ba, babban kantin cikin gari, inda take zuwa kallon kayan da ba ta iya saye, ya kafa hoton a bango ya fi tsayin mutum. Ƙawayenta suka dinga tare ta suna cewa, "Ashe ƙanwarki ce? Kai, Allah Ya yi halitta!" Ita kuwa mai hoton ko sabulun wanka ba a ba ta a kai ba, ba ta ma taɓa shiga kantin ba. Amma mai hassada ina ruwansa da wannan?

A kamfanin, kullum in an tashi sai an caje jakar kowa a bakin ƙofa, don a wurin masu kamfani kowane talaka ɓarawo ne da bai samu dama ba. Wata yamma mai gadi ya zura hannu a jakar Shiru-shiru, ƙarƙashin kwanon abincinta, sai ga sabon wando fil a ninke, da katin fuskarta yana lilo. Ta ɗora hannu a ƙirji. "Innalillahi... wallahi ba ni na sa ba! Na rantse da Wanda raina ke hannunSa!" Mata suka yi cirko-cirko. 'Yar Gayu ce ta fara ɗora hannu a ka tana kuka da ƙarfi. "Wayyo, ta ja mana abin kunya! Dama a gida ma abubuwa suna ta ɓacewa, muna rufa mata asiri!"

Aka ja ta zuwa ofishin Manaja, wani mai ƙaton ciki da sanyin na'ura ke kaɗawa yayin da ma'aikatansa ke narkewa a zafi. Ta zube a gabansa. "Yallaɓai, ka dubi maraicina. Ban taɓa ɗaukar ko zaren wani ba." Manaja ya dube ta yana juya biro. Da wata ce da tuni 'yan sanda sun tafi da ita, amma wannan fuskarta tana rataye a kantunan duniya, in zancen ya fita ya kai kunnen Madam cinikinsa ne zai lalace. Sai ya ce, "Ba zan kore ki ba, kin ga adalcina. Daga gobe ki koma ɗakin yashi."

Uwar Layi da ke laɓe a bakin ƙofa ta dafe ƙirji, don ta san abin da ake nufi da ɗakin yashi. Wani ɗaki ne a bayan kamfani, babu taga, inda ake rataya sababbin wanduna a fesa musu yashi da mesa mai ƙarfi har su koɗe. Ku ji wani ikon Allah! Wai masu kuɗin can ba sa son wando ya yi kama da sabo, sai wanda ya koɗe a gwiwa kamar na lebura, kuma shi ya fi tsada. Talaka yana jin kunyar tsohon wandonsa, mai kuɗi yana biya a tsufar masa da nasa. Ƙurar ɗakin kuwa ba ka ganin na kusa da kai, tsumma kawai ake ɗaurawa a hanci. Waɗanda ba su da gata ake turawa can, kuma ba a taɓa ganin wanda ya tsufa a ɗakin ba.

Haka Shiru-shiru ta kama mesa. Da fari atishawa ce, sai ta koma tari, sai tarin ya sauka ƙirji ya yi gida. Yashi a gashin idonta, yashi a haƙoranta, yashi a cikin abincinta. Kumatun nan da suka yi kyau a hoto suka zurma, idanu suka faɗa, wuya ya zama kamar sillen kara. In ta yi tafiya kaɗan sai ta tsaya ta dafa bango tana neman iska. A unguwa yara suna binta da "ɓarauniyar wando", matan da ke amsa gaisuwarta suka koma tattare shanyarsu in ta gifta. Matar kawu ta ware mata kofi da kwano, ta fitar da tabarmarta zuwa ƙarƙashin matakala. "Kar ki shafa wa 'yata wannan mugun tarin. Alhakin sata ne yake cin ki!"

Wata safiya ta yi tari ta ga jini a gefen ɗankwalinta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rarrafa zuwa ƙofar 'Yar Gayu, wadda ke gaban madubi tana gwada sabon takalmi. "Yaya... don girman Allah me na yi miki? Nono ɗaya iyayenmu suka sha. In hoton ne, wallahi da ana cirewa da na cire na ba ki. Na san da hannunki a zancen wandon nan. Ki je ki faɗa musu gaskiya ko na samu in koma layi... numfashina yana ƙarewa, Yaya."

'Yar Gayu ta kalle ta ta cikin madubi ta taɓe baki. "Ai ke tauraruwa ce. Ki ce wa hoton naki ya cece ki." Ta tura ƙofa da ƙafa.

Shiru-shiru ta koma ƙarƙashin matakala ta ɗaga hannuwanta da suka yi kaushi. "Ya Allah, Kai ne gatan mara gata. Ban roƙe Ka dukiya ba, ban roƙe Ka suna ba. Ka bar min numfashina, Ka wanke ni kafin in tarar da mahaifiyata, kar in je mata da sunan ɓarauniya..." Tari ya sarƙe ta ba ta ƙarasa ba. Uwar Layi kaɗai ke zagayowa bayan kamfani lokacin hutu, ta kawo mata ruwa, ta share mata fuska tana kuka. "Yi haƙuri 'yata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na san tarbiyyar da uwarki ta yi miki."

Ana nan sai labari ya zo cewa Madam da kanta za ta zo, kuma tana son ta gaisa da yarinyar jikin kati, don masu saye a can sun ƙaunaci fuskar. Manaja ya sa aka kira Shiru-shiru, yana ganinta gumi ya keto masa. Wannan ƙwarangwal ɗin zai nuna? Sai idonsa ya faɗa kan 'Yar Gayu, ya ga jini ba ya ɓuya, akwai kama a goshi da hanci. Ya ce ta wanke hodar, ta cire gashin kanti, ta ɗaura tsohon ɗankwali ta zauna a kan keke. Kai, duniya! Wadda ta raina tsumman ƙanwarta, ga ta tana rawar jiki tana ɗaura shi don a ce ita ce. Ko a jikinta, bakinta har kunne.

Ranar zuwan aka sake buɗe tagogi, fankoki suka sake tashi. 'Yan ɗakin yashi kuwa aka kashe musu inji, aka tura su ciki aka datse ƙofa da kwaɗo, aka ce duk wanda ya yi motsi a bakin aikinsa. Madam ta shigo da tafintarta, wata matashiya mai tabarau. Ta rungume 'Yar Gayu, ta riƙe hannunta ana ta ɗaukar hoto, Manaja yana washe baki yana cewa ma'aikatansa 'ya'yansa ne. Aka kashe kekuna don Madam ta yi jawabi, wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne aka jiyo shi ta bayan bango... tari, tari mai tsage ƙirji, wanda mai shi ke ƙoƙarin dannewa ya ƙi dannuwa. Sai kuma aka ji ana dukan ƙofa ana kiran a taimaka, wata ta faɗi.

Mata suka sunkuyar da kai, kowa tana tuna bakunan da take ciyarwa. Uwar Layi ta miƙe. "Yarinya," ta ce wa tafinta, "faɗa wa baƙuwar nan, wadda ta runguma ba ita ce a kati ba. Mai fuskar tana bayan bangon can an kulle ta tana mutuwa. In kora ce a kore ni, na gaji da haɗiye magana!" Manaja ya daka mata tsawa, amma sai ta kusa da ita ta miƙe, ta gaba ma ta miƙe, kafin ka ce kwabo layi duka yana tsaye. Madam ta ce a buɗe ƙofar.

Da aka cire kwaɗon ƙura ce ta fara fitowa, sannan mutane, fari fat kamar an tono su. Aka fito da Shiru-shiru a hannu aka kwantar da ita a kan tarin wanduna. Madam ta ciro kati ta duba, ta dubi wadda ke kwance, ta sake duban katin, sai ta girgiza kai ta yi magana. Tafinta ta ce a hankali, "Ta ce ba wannan ba ce... wai waccan ta fi kama da hoton." Wayyo Allah! Uwar Layi ta fashe da kuka. Cutar ta cinye yarinyar har hotonta ya daina shaidarta. Manaja ya sauke ajiyar zuciya.

Da 'Yar Gayu ta yi shiru a nan, da ta sha. Amma hassada ba ta san inda ake tsayawa ba. Daɗi ya ɗebe ta, ta sunkuya kan ƙanwarta tana dariya ƙasa-ƙasa. "Kin ji ko? Fuskar taki ma ta gudu ta bar ki. Ina murmushin da kika yi wa mai hoto? Yi shi yanzu mu gani!"

Madam ta tambayi tafinta me ta ce. Tafinta ta dubi Manaja da ke zare mata ido, ta dubi jinin da ke gefen bakin yarinyar, sai ta gyara tabarau ta fassara kalma da kalma. Fuskar Madam ta canza. Ta juya wa 'Yar Gayu baya, ta durƙusa, ta ciro hankicinta tana goge ƙurar fuskar Shiru-shiru a hankali, goshi, gira, kumatu, har kamannin suka fara fitowa. Ta riƙe hannunta tana hawaye, masu hoto suka juya gaba ɗaya suka bar 'Yar Gayu tsaye ita kaɗai da aron ɗankwali.

Nan fa ta haukace! Ta fizge ɗankwalin ta yi jifa da shi. "Ita dai! Kullum ita! Tana kwance kamar gawa ma ita kuke kallo? Me ta fi ni? Ni na cusa wandon a jakarta, da hannuna, kuma da za a sake sai na sake! Na wuni ina rataya fuskarta, ku wa ya taɓa tambayar yadda nake ji?" Sai da maganar ta gama fita ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta toshe shi da hannu biyu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, tafinta tana fassarawa.

Shiru-shiru ta buɗe ido da ƙyar ta nemi Uwar Layi. "Iya... kin ji? Kowa ya ji?" Dattijuwar ta rungume kanta. "Kowa ya ji, 'yata. Allah Ya wanke ki."

Ba zan ce muku Madam waliyyiya ba ce, ta daɗe tana cin ribar wandon ba ta tambayi yadda yake koɗewa ba, kuma tsoron ɓacin sunan kantinta yana cikin abin da ya zaburar da ita. Amma ko ta wace hanya, Allah Ya kawo sauƙi. Aka rufe ɗakin yashi, aka kwashi mutanensa zuwa asibiti a kan kuɗin kamfani. Manaja ya fita ta ƙofar da ake caje ma'aikata, 'yan sanda suna riƙe da shi, 'Yar Gayu tana bayansa tana kururuwa. Takalma da jakunkunan nan duk matar kawu ta kwashe ta sayar wajen zirga-zirgar kotu, ba su hana a ɗaure 'yarta ba. Tukunyar gidan ta daina hawa wuta. Kawu ya zo asibiti ya durƙusa a gaban gado yana kuka kamar yaro. "Na ci amanar 'yar'uwata. Ina gani na kau da kai." Likita ya ce huhu ɗaya ya riga ya tafi, amma ɗayan zai riƙe ta in an kula. Da aka sallame ta gidan Uwar Layi ta wuce, aka ba ta ɗaki mai taga. Kamfani ya biya ta diyya, matan layi kuma suka zaɓe ta wakiliyarsu, ba a rufe taga ko a kulle ƙofa sai an ji ta bakin Shiru-shiru.

Bayan an sako 'Yar Gayu, wata yamma ana tashi daga aiki, sai ga ta a bakin ƙofar kamfani da silifas ɗin roba, fuska ta yi dabbare-dabbare saboda man da ta daina samu. Babu kamfanin da ya yarda ya ɗauke ta. Ta ga ƙanwarta ta fito a hankali mata suna gaishe ta, sai idonta ya ciko. Ta zo ne da niyyar roƙon gafara, amma abin da ya fito daga bakinta daban.

"Har yanzu dai ke ce a sama. Komai ke aka ba."

Shiru-shiru ta tsaya ta huta, don doguwar magana tana yi mata wuya. Ta kama hannun yayarta ta ɗora a ƙirjinta, inda numfashi ke fita da ƙara kamar ana jan zarto.

"Saurara, Yaya. Wannan ne abin da aka ba ni. Na yafe miki don Allah, amma ki daina kallon hannuna, babu abin da ke ciki da ya kai naki. Huhu biyu gare ki... je ki shaƙi iska ki gode wa Allah."

'Yar Gayu ta zame ta zauna a ƙasa, ta fashe da kukan da babu ƙarya a cikinsa. Shiru-shiru ta dafa kafaɗar Uwar Layi suka kama hanyar gida, suna tafiya suna tsayawa.